Duniyar da Ba Ki San Ni Ba

Tashar mota, Gusau
Daminar 1998

Zuwa ga Lubabatu, Lubata, sanyin idona, hasken safiyata, ruwan farkon damina da ke sauka ƙasa ta tashi da ƙamshi, inuwar tsamiya ga wanda rana ta gasa! Assalamu alaikum. Gaisuwa nake aiko miki wadda ta fi Dutsen Kwatarkwashi girma, tare da fatan kina lafiya, ke da Inna Wasila da duk mutanen gida.

Luba, gari ya hargitse! Kada gabanki ya faɗi, ba gobara aka yi ba, ba kuma mota ce ta kife ba. Mutuminki ne, Mai Inuwa Biyu, ya jefa Gusau cikin ruɗani, har dattawa masu furfura suna kumfar baki a kan wasan talabijin na Turawa. Na san eriyarku ta Tsafe ta karye tun iskar da aka yi, ba ki ga komai ba. To wa zan kai wa wannan labari in ba ke ba? Wa ya koya mini kallon wasan nan tun farko?

Kin tuna ranar? Ni dai ko an tashe ni daga barci zan zayyana ta. Layin Bungudu nake yi a lokacin, ba ruwana da hanyar Tsafe. Sai Bawa, abokin aikina, ya zo yana roƙona mu yi musayar layi na yini ɗaya, wai ana sunan ɗan ƙanwarsa a Bungudu. Na yi ta gunaguni, na ce ni ban san fasinjojin Tsafe ba, ban san ramukan hanyar ba. Da ƙyar na yarda. A dawowa sai ga ki a bakin titi, da mayafi ruwan toka, kin rungume kan keken ɗinki kamar jariri, za ki kai shi gyara. Kika zauna kujerar gaba. Muna wuce Kwatarkwashi kika dube ni ba ko kunya, kika ce, "Malam direba, don Allah ka ɗan taka, za a fara Mai Inuwa Biyu ban isa gidan yayata ba." Na ce wane ne kuma haka? Kika riƙe baki. "Kana cikin garin Gusau ba ka san shi ba? Lallai an bar ka a baya!"

Daga nan har cikin gari bakinki bai huta ba, ni kuwa ban so ya huta. Kika ba ni labarin mai gasa burodin nan da ya tsaya taya wata likita tsince kayanta da suka zube a titi, har bas ta tafi ta bar shi. Ƙanensa na ciki, bas ɗin ta yi hatsari, ƙanen ya rasu. A daidai wurin da ya durƙusa kuma wani haske ya faɗo masa daga sama, ya tashi da inuwa biyu, ɗaya tana binsa kamar ta kowa, ɗaya tana rabuwa da shi ta je ta ceci wanda ke cikin halaka. Likitar nan ita kaɗai ta san sirrinsa, ita ke ɗaure masa rauni. Kina magana kina nuna yadda inuwar ke tashi da hannunki, ni kuwa na faɗa rami har sau nawa ban sani ba. Kashegari na je na samu Bawa na ce musayar nan ta zauna ke nan. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

To ji abin da suka yi mana! Tsohon mugun nan mai sanda, wanda kike tsinewa duk lokacin da ya fito, ya samo wani agogo ya murɗa shi baya. Mai Inuwa Biyu ya farka a wata duniya dabam, duniyar da bai tsaya taya likitar ba. A can ya wuce ta, ya cim ma bas, ya janye ƙanensa suka shiga wata. Ƙanen yana raye, Luba, ga shi ɓul-ɓul da shi yana dariya! Gidan burodinsu ya zama kamfani, mutuminki ya sa kwat da taye, ana buɗe masa ƙofar mota. Inuwarsa ɗaya tal. Ba rauni, ba gudu, ba mai farautarsa. Amma shi yana tune da komai. Sai aka nuno shi a bakin asibiti, likitar ta fito, ya kira sunanta da murnarsa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba ta san shi ba, ta gyara jakarta ta wuce.

Wayyo Luba, da kin ga rumfar Mu'azu mai shayi! Kin san a nan muke kallo da yamma, mu direbobi da 'yan kamasho da masu facin taya, wani a benci, wani a kan taya, wani a tsaye. Da farko ma cewa aka yi gidan talabijin sun yi kuskure sun sa wani wasa. Mu'azu ya tashi ya bubbuga akwatin, ya juya eriya gabas da yamma, wai ko inuwar ta biyu ce ba ta kama ba. Da aka tabbatar da gangan ne, sai wuri ya kaure. Wani ya jefar da hularsa ƙasa. Wani ya rantse ba zai ƙara kallo ba, ga shi kuma bai matsa daga inda yake ba.

Tasha ta rabu biyu. Bawa ne shugaban masu cewa sabuwar duniyar ta fi. Yana ta ɗaga murya, "Ku jama'a, ku ji tsoron Allah! Mutum ya samu ƙanensa, ya samu arziki, ya huta da dukan banza, ku ce ya koma? Mata sun ƙare a garin ne?" Baba Jatau, ƙanen mahaifina, wanda ke kula da layin lodi, shi ko kallon ba ya yi, sai dai ya zauna gefe da carbinsa. Amma ranar sai da ya sa baki, ya ce, "Wanga yaro dai ya shiga uku. In ya zauna ya yi rashi, in ya koma ya yi rashi." Ni kuwa ban san lokacin da na hau kan benci ba. Na ce wace irin duniya ce wannan da mutum zai kira wadda ta san ciwonsa ta wuce shi kamar turken wuta? Na ce kwat ɗin banza, kamfanin wofi! Na yi ta zuba har shayin wani ya kife. Bawa ya dube ni ya ce, "Sabiru, wai likitar nan 'yar Tsafe ce?" Rumfa ta ɗauki shewa. Na sauko na koma gefe na zauna, kuma wallahi ba don haushin Bawa ba.

Sati ya zagayo, ranar da za a nuna zaɓinsa. Agogon ya shiga hannunsa. In ya fasa shi, tsohuwar duniya ta dawo, ƙanensa ya koma kabari. In ya bar shi, likitar ta tafi har abada. Ba a taɓa cika rumfar nan haka ba, har masu tallar gyaɗa sun ajiye faranti. Aka nuno ƙanen yana yanka masa burodi mai zafi. Aka nuno likitar tana tsallaka titi. Ya ɗaga agogon sama, sai ɗif! Aka ɗauke wuta.

Luba, ihun da aka yi na tabbata an ji shi a Ruwan Bore! Mu'azu ya ɗora hannu a ka. Wani ya tuna mai facin taya yana da ƙaramar talabijin baƙi da fari mai aiki da batir. Na ruga na kwance batirin motata, na rungumo shi kamar yadda kika rungumo kan kekenki, ruwansa ya ɗige mini a riga ya huda ta. Muka haɗa waya, hoto ya yi rawa ya tsaya, me za mu gani? Sunaye suna hawa sama. An gama!

Kashegari labari ya zo cewa Bungudu ba a ɗauke musu wuta ba. Zo ki ga yadda direbobin layin Bungudu suka zama manya! Ana saya musu shayi, ana ba su benci. Duk fasinjan da ya sauko daga can sai an tare shi kafin ya ɗauki kayansa. Matsalar ita ce ba biyun da bakinsu ya zo ɗaya. Wannan ya ce ya fasa agogon. Wancan ya ce ƙarya ne, a aljihu ya sa shi. Wata tsohuwa mai daddawa da aka takura mata ta ce ita dai ta ga wani Bature yana kuka, a ƙyale ta ta je kasuwa. Bawa kuwa, wanda ya kwana Bungudu ya gani da idonsa, ya ƙi faɗa wa kowa, yana yawo yana murmushi kamar ango. Ya zo ya raɗa mini cewa ni zai gaya wa don abota. Na toshe kunnuwana da yatsu na bar masa wurin.

Kin san dalili? Don na riga na san abin da zan yi da nawa agogon, ba na bukatar Bature ya koya mini.

Ya farin watana, ya kurciyar da kukanta ke sanyaya mini rai, bari in zo kan abin da ya hana ki fitowa. Ranar da na zo ƙofar gidanku da albishir cewa maigidana Alhaji Mamman ya sayo tirela, kuma ni ya zaɓa in riƙa kai hatsi Legas da Fatakwal, na ga fuskarki ta canja. Tafiyar wata da watanni, ba Tsafe, ba hirar yamma. Kika sunkuyar da kai kina murza bakin mayafinki, kika ce, "Allah ya sa alheri. Ai dama ni fasinja ce, ko babu ni motarka za ta cika." Kika shige gida. Tun ranar duk zuwan da na yi, sai Inna Wasila ta leƙo ta ce ɗinki ya yi miki yawa. Maganar nan taki ta zauna mini a ƙirji kamar ƙaya. Na rasa amsarta, sai da na ga mutumin nan cikin kwat a bakin asibiti.

Ni ne shi, Luba! Na ga kaina a saman tirela, sabuwar shadda a jikina, 'yan tasha suna ce mini ranka ya daɗe. Na ga na biyo ta Tsafe bayan shekara, na hango ki a bakin titi, na danna ham, kin ɗago kin dube ni irin kallon da ake yi wa kowace mota mai wucewa. Subhanallahi! Wace shadda ce za ta rufe wannan? Wane gari ne a kudu yake da mai ba ni labari da hannu har in faɗa rami ina murna? Shi Mai Inuwa Biyu ina tausayinsa, don ran ɗan'uwansa ne a ɗaya hannun. Ni fa? Ƙarfe da tayoyi!

Jiya da safe na je gidan Alhaji na durƙusa, na ajiye masa makullin tirela a gabansa. Na ce ya yi mini aikin gafara, a bar ni da tsohuwar bas ɗina da hanyar Tsafe. Ya dube ni, ya ce, "Sabiru, lafiyarka ƙalau?" Na ce ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba. Ya girgiza kai, ya ba Bawa. Ai kin ga kowa ya samu duniyar da yake yabo! Daga can na wuce wurin Baba Jatau na gaya masa komai. Ya ce babbar rigarsa a wanke take, ranar da kika amince zai je ya gaida mahaifinki, amma ba zai taka ba sai ya ji daga gare ki. Ni ma abin da nake jira ke nan.

Ga roƙona, ya ke wadda zuciyata ta zaɓa. An sanar cewa za a maimaita wasan ranar Lahadi da la'asar, saboda koken jama'a. Na rantse ba zan ji ƙarshensa daga bakin kowa ba, ba kuma zan kalle shi a rumfar Mu'azu ba. A gidan yayarki nake so in gani, ina daga bakin ƙofa, kina fassara mini da hannunki. Ranar zan yi lodin Tsafe bayan azahar, zan tsaya a gindin tsamiyar nan inda na fara ganinki. Kujerar gaba ta mutum biyu ce, ke da Inna Wasila. Na riga na gaya wa 'yan kamasho kada su sa mini kowa a ciki, sun yi mita sun gaji.

Gaskiya kika faɗa, Luba, motar tana cika. Kullum tana cika, har a bar wasu a ƙasa. Amma tun ranar da kika shige gida, in na juya hannun damana na ga wani ƙato da buhun barkono a cinya, sai in ji kamar ni kaɗai nake tafe a hanyar. Ki fito, don Allah. In kin fito da fushi ma na karɓa, ki yi mini faɗa daga Tsafe har Gusau, ni dai ki dube ni kallon wanda kika sani.

In kuwa ba ki fito ba, zan ja motata da kujerar nan babu kowa, in dawo wata Lahadin haka, in sake dawowa. A wannan duniyar da Allah ya haɗa mu, da duk wadda wani mugun tsoho zai murɗo, ni zan tsaya a bakin titi in ɗauke ki.

Naki, jiya da yau da iyakar numfashina,
Sabiru direba, layin Tsafe.