Kunnen Gareji

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Innarku tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ce ta lalace, in an kira sai shuuu kawai. Kafin in kai ta gyara, direban motar hayar da ke bi ta unguwarku ya ce zai riƙa miƙa miki saƙo. In kin rubuta amsa ki ba shi.

Aiki yana nan yadda kika san shi, sai abin da ya ƙaru. Motocin manya na yanzu duk wayoyi ne, ko kujera sai da kwamfutarta. Shekaranjiya an kawo wata da ke kwana a tsaye ta wayi gari a durƙushe kamar raƙumi. Irin masu zama a kan jakar iska ce. Mai ita har ya fara zancen an yi masa asiri. Na kaɗa ruwan sabulu na fesa wa jakunkunan, sai ga ta baya tana kumfa. Asirin ke nan, roba ce ta tsufa.

Manaja ya sayo na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta a allo. Ba na kushe ta, tana aiki, kuma samarin da ke riƙe ta sun san abinsu. Sai dai ba ta da kunne. Shi ya sa har gobe in mota ta yi ƙarar da allo bai nuna ba, sai a ce a kira Baba Kunne. Manaja da bakinsa ya ce da ni, "In ba don kunnen nan naka ba, Baba, da tuni kana gida kana wasa da jikoki." Wasa ne, amma irin wasan da ake ɗora gaskiya a kai.

Yanzu akwai wata farar mota ta wata Hajiya da ke ba mu ciwon kai. Ta ce da safe in ta tayar da ita, sai ta yi ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kafin ka ce me ta yi shiru. Allo ya ce lafiyarta ƙalau. Na canja mata fanbel da abin da ke ɗaure shi, na sallame ta. Allah ya sa shi ke nan.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna. Takarda ta iso, na karanta wa yara labarin raƙumi har sun haddace.

Baba, ka yafe mini abin da zan faɗa. Wayarka ba ta lalace ba. Da ita Inna ta kira ni jiya, muryarta tar kamar tana tsakar ɗakina. Na matsa mata, ta yi ta kwana-kwana, daga baya ta fashe da kuka. Ta ce rediyonka yanzu har maƙwabta sun san tashar da kake ji. Ta ce in ta yi maka magana ta baya sai ka yi shiru, ta daɗe tana zaton fushi kake yi da ita.

Ni ma na tuna zuwana na ƙarshe. Na tsaya a ƙofar gareji na yi ta kiranka, kana tsaye gaban wata mota a kashe, ba ka juyo ba sai da na taɓa kafaɗarka. Ka ce hankalinka ne ya tafi, ni kuma na yarda don ina son in yarda.

Kai ka koya mana cewa in fitila ta kama a gaban direba, ba a liƙe ta da salatif a ci gaba da tafiya. Don Allah ka je asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa 'yarka ce, ba baƙuwa ba. Tsoro nake ji, Baba, kuma shirun nan ya fi tsoratar da ni.

Ka huta lafiya.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Da na karanta takardarki sai da na yi fushi, na wuni ban kula Innarku ba. Wato ku biyu kun kafa mini kotu. To, na huce, kuma kin yi gaskiya.

Asibiti na riga ki, na je tun kafin in fara rubuto miki. Likita ya sa mini wani abu a kai ya ce in ɗaga hannu in na ji ƙara. Na zauna ina jira ya fara, ashe ya daɗe da farawa. Ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Shekarun da na yi kaina a cikin inji, da bindigar kwance taya, su suka cinye jijiyar. Akwai na'urar da za ta taimaka in ji maganar mutane, amma abin da ya mutu ba ya dawowa. Na gwada ta a can. Komai ya zama hayaniya ɗaya, ba zan iya raba kukan boris da na famfon ruwan inji da ita ba.

A gareji ba wanda ya sani. Bakin mutum nake kallo, sauran in cike da ka. Ban iya Turancin allo ba, idona ma ba ya ganin ƙananan rubutun. Kunnen nan shi ne jarina, shi ne sunana. In ya tafi, wa za a kira?

Farar motar ta dawo. Aka bar ta ta kwana, da safe Manaja da Hajiya da samari suka kewaye ta. Na ɗauko dogon sukudirebana mai kan katako, kin san shi, na dafa bakinsa a jikin inji, na kara kan a kunne yadda na saba. Aka tayar. Na ga duk sun yamutsa fuska lokaci guda, sai ni ma na yamutsa. Wallahi, Uwata, ban ji komai ba. Na gyaɗa kai kamar wanda ya gane, na ce robobin da inji ke zaune a kai ne. Aka canja su.

Kin ga masifar, su suna ji ba su san mene ne ba, ni na sani ba na ji. Na tambayi samarin da dabara, suka ce kar-kar-kar take yi. Abu goma na iya yin kar-kar-kar. Sai an san daga ina take fitowa, kuma sau ɗaya take yi a rana, farkon tayarwa in inji ya yi sanyi.

Manaja ya ja ni gefe ya ce Hajiya ta fara magana a gari, in motar ta sake dawowa dole a san ciwonta. Tun da nake ban taɓa yi wa mota canke ba sai bana. Kunya ta ishe ni, abinci ma ba ya shiga.

Kada ki gaya wa maigidanki tukuna. Allah ya rufa mana asiri.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi kuka, na share, yanzu ga ni.

Ban gaya wa kowa ba. Amma akwai tambayar da ta hana ni sukuni. Cikin abubuwa goman nan, akwai wanda zai iya kashe mota a tsakiyar babban titi tana gudu? In akwai, to ba asirinka kaɗai ke cikin wannan magana ba. Matar nan tana ɗaukar mutane a motar.

Sannan na tuna wani abu, ko zai yi amfani ko ba zai yi ba. Ina ƙarama, ranar da Inna ta kai ni gareji, ka ɗaga ni ka ce in kara sukudireban nan a kunne in ji inji. Ni kuwa komai baki nake kaiwa, sai na gantsara wa katakon cizo. Na ji injin gaba ɗaya a cikin haƙorana, har cikin ƙwaƙwalwa, na tsala ihu, kai kuma kana ta dariya. Ka daɗe kana nuna wa mutane shaidar haƙorana a jiki. Ba kunnena ne ya ji ba ranar, Baba. Ka gwada.

In ma bai yi ba, ka faɗa wa Manaja gaskiya. Na san abin da nake roƙonka, kuma na san ni ba ni zan tsaya a gabansu ba.

Allah ya ba ka mafita.

'Yarka

*

Uwata,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, hannuna ne ya ƙi.

Amsar tambayarki, akwai. Sarƙar cikin inji, wadda ke haɗa sama da ƙasa su yi tafiya tare. In ta saki, da safe kafin baƙin mai ya hau takan yi duka. In ta tsallake haƙori mota na gudu, inji ya tashi aiki nan take, sitiyari da birki su yi nauyi. Tun farko tana cikin zargina. Amma ba a kwance gaban injin irin wannan mota a kan zargi, aiki ne babba, sai an tabbatar.

Na gwada dabararki a bayan gareji, a jikin janareta, ba kowa. Ba ji ba ne irin na da, bugu ne ke hawowa ta haƙori. Amma na gane shi, na raba bugun wannan da na wancan. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi hawaye.

Sai motar ta dawo. Makullinta a aljihun Manaja ya kwana. Da safe Hajiya ta iso da akwatuna da 'ya'yanta, tafiya mai nisa za su yi wajen mahaifiyarta. Ta ce a duba a gaya mata ko za ta kai su. Kowa ya taru. Na dafa bakin sukudireba a murfin gaban inji. Zan iya kara shi a kunne in ce ba komai, su tafi, in kwana da sunana. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye miki ba. Sai ƙaramar 'yarta ta leƙo ta tagar motar tana cin biskit.

Na buɗe baki na ciji katakon, na ɗaga hannu aka tayar.

Sarƙar ce. Dukanta ya hau haƙorana har sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a kashe, motar nan ba za ta fita ƙofa ba. Da aka kwance murfin daga baya, robar da ke riƙe sarƙar ta karye gida biyu, rabi yana kwance a cikin baƙin mai.

Amma kafin nan an riga an gama da ni. Da na ɗago sai na ga samari suna danne dariya. Ashe Manaja yana bayana yana ta tambayata me nake yi haka, ban juyo ba. Hajiya ce ta fara ganewa. Ta zagayo gabana ta ce, "Malam, ba ka ji ne?" Na ce ba na ji. Ta ce, "Wancan gyaran da na kafin shi, duk ba ka ji ƙarar ba?" Na ce ban ji ba. Ta juya wajen Manaja, ban ga bakinta ba, amma na ga hannunta yana nuna ni, yana nuna yaran. Ba na ganin laifinta. Sau biyu na sallame ta da wannan sarƙa.

Manaja bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya zaunar da ni a ofis, yana buɗe baki sosai kamar mai magana da jariri. Ya ce masu irin waɗannan motoci natsuwa suke saye, ba wanda zai miƙa makullinsa in ya ji mai cizon sukudireba ne zai duba. Na ce ai haƙorin ya gano. Ya ce ya gano, amma ba zai iya rubuta haka a allon ƙofa ba. Ya ce akwai gurbi a wajen wankin mota in ina so, don ba ya son ya kore ni.

Na kwashe kayan aikina a buhu na taho gida da rana tsaka. Innarku ta gan ni, ta karɓi buhun ta kai ɗaki. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Nawa bai ji ba, ga shi jikin wasu ya tsira, nawa ne ban san inda zan kai shi ba.

Ki yi mini addu'a.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka, gaisuwar da ban taɓa yi maka irinta ba. Ni na ba ka shawarar nan, kuma tun da na karanta takardarka nake jin kamar ni na cire maka rigar aiki. Duk da haka, da za a sake, abin da zan roƙe ka ke nan.

Na gaya wa maigidana. Ya ce ku taho kai da Inna, ɗakin baƙi yana nan. Kada ka karɓi wankin mota, Baba. Mutumin da ya koya wa rabin garejin nan riƙe sifana ba zai riƙe soso a gabansu ba. In ba ka zo ba, ni zan zo.

'Yarka mai ƙaunarka

*

Uwata,

Gaisuwa. Ki gode wa maigidanki, amma kada ki zo, mu ma ba za mu zo ba. Na karɓi wankin. Na gwada zaman gida, bango ya kusa cinye ni. A can ko ba komai ina shaƙar warin mai.

Samarin sun gyara farar motar, kuma sun yi aiki mai kyau. Jiya aka turo mini ita in wanke kafin a mayar wa Hajiya. Da aka tayar da ita na ɗora tafin hannuna a bonet, sumul. Wanda ke kusa da ni ya ce ko ƙis ba ta yi. Na ce haka ne, ni ma ban ji komai ba. Yanzu a wurina duk motocin duniya lafiyarsu ƙalau.

Direban motar hayar zai ba ki wani abu naɗe a jarida. Sukudireban ne. Ki duba katakon, ƙananan haƙoran naki ne, manyan nawa. Ki ajiye shi inda yara ba za su ɗauka ba.

Ki ci gaba da rubutowa, da manyan baƙi. Allah ya yi miki albarka.

Babanki