Awon Kafaɗa na Bana

Antigua, 26 ga Fabrairu, 2018

Zuwa ga ɗana Nery,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yesenia da yarinyarku, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Montreal. Mu nan muna lafiya. Ƙafar Gwaggonka Herminia ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa. Mahaifinka kuwa ban sa shi a ido ba tun Kirsimeti, ban kuma neme shi ba. Shekara talatin da bakwai ke nan da aka cire ni daga karatun lauya ina aji uku, aka zaunar da ni a ofishin wani ina buga masa takardu don ƙanena, mahaifinka, ya gama nasa karatun, har yau bai taɓa buɗe baki ya ambaci zancen ba. Ba laifinka ba ne, amma gara ka sani.

Takardar da ka aiko mini mai zanen yadda ake zama a tebur, sau uku na karanta ta. Ina da tambayoyi. Da gaske ne allon kwamfutarka daidai idonka yake, ba ka sunkuyawa? Kuma da gaske kana tashi bayan kowane rabin awa ka miƙe, mai gidanka na gani bai ce uffan ba? Mu a zamaninmu wanda ya tashi daga kujera ana ɗauka aikin ne ya ƙare masa. Teburin da ka ce yana tashi sama a yi aiki a tsaye, me ke ɗaga shi? Ka zano mini. Ni dai kujerata gajera ce, tafireta a sama, takardar da nake kwafa kullum a hagu saboda nan taga take, ni kuma ina karkace a kanta daga safe zuwa yamma. Ban taɓa tunanin in mayar da ita dama ko na wuni ɗaya ba. Ba wanda ya ce mini.

Ka san abin da ya sa na damu. A Juma'ar Ista mutum tamanin ke ɗaukar katakon da ake ɗora siffar Yesu, kuma dole kafaɗunsu su zo daidai, in ba haka ba nauyin ya taru a kan dogayen. Shi ya sa ake auna kowa kafin a ba shi rukuni, kowane rukuni da yankin titin da zai ɗauka. Ni tun ina saurayi santimita ɗari da talatin da takwas nake a kafaɗa, rukuninmu ne kuma ke wucewa ta ƙofar gidan kakanka. Bara da ƙyar na sha a wurin awo. Don haka mako shida na yi ina bin zanenka: baya a jikin bango, haɓa a ciki, ƙirji a waje. Herminia ta leƙo daga kicin ta ce wai tsohon zakara ya hango budurwa. Lencho maƙwabcina, wanda muke ɗauka tare, ya ce wai Lauya, in bangon nan ya faɗi wa za mu kai ƙara? Har yau da Lauya yake kirana, ya san yana mini ciwo.

Jiya Lahadi muka je awo. Na tsaya a jikin sandar awon, na cika ƙirji da iska, ina jin har dugadugaina sun ɗan bar ƙasa. Mai awo, Don Evaristo, ya ce in sauko in yi numfashi, ba su da wanda zai ɗauke ni in na suma. Ya sauke katakon awon a kafaɗar dama, ya duba, ya koma ta hagu, ya sake dubawa. Dama ɗari da talatin da uku, hagu ɗari da talatin. Ya ce ba tsawon ne kaɗai ba, bayana ya lanƙwashe, nauyin ba zai zauna ba, zan ji wa kaina ciwo in ja wa na bayana. Ya ce in ina so in bi gefe da kyandir. Lencho bai yi wasa ba wannan karon, hularsa kawai yake ta juyawa.

Ka tambayar mini likitan wurin aikinku: ƙashin baya in ya saba da karkata, yana komawa kuwa, ko akwai shekarun da in an wuce shi ke nan? Ba don in sa rai ba, so nake in san lokacin da abin ya kuɓuce mini. Kai kuma a hotonka na ƙarshe na ga wuyanka ya fara leƙowa gaba. Ka bi takardarka.

Ka gaida Yesenia, ka shafa mini kan Maribel. Herminia na gaishe ku, Lencho ma haka. Rigar shunayyar da nake sawa wajen ɗauka tana nan a goge, ta yi maka tsawo ko ba ta yi ba sai ka zo. Sau arba'in da ɗaya na ɗauka. Bana sunana ba ya cikin jerin.

Baffanka,
Anacleto