Mai Ɗingishi a Littafin Kawu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a inda kuke. Mu nan sai godiya, ƙafar Inna ce dai takan motsa, amma tana shan magani.

Saƙonka ya iso, cewa masu shirya taron karrama Kawu sun roƙe ka ka rubuta jawabin yabo a madadin dangi, kana so in tuna maka tarihinsa. To, bari in tuna maka. Shekara da shekaru mutumin nan yana ƙunshe a ɗakin sama cikin tsofaffin taswirori, yana kashe mutanen zamanin kakannin kakanninmu a littattafansa, yana tura 'yan leƙen asiri su tsallake iyakoki, shi da ko kasuwa ba ya iya zuwa shi kaɗai. 'Yan jarida na cewa babu mai zurfin bincikensa. Ni na san binciken: ya zauna a falonmu da kofin shayi, ya yi kamar yana gyangyaɗi, kunne kuwa a buɗe. Ɗan sandan nan mai tsoron kare na littafinsa na farko ai surukinmu tela ne, muka yi dariya muka bar zancen.

Wannan karon babu abin dariya. Sabon littafin labarin wata mata ce a lokacin wani tsohon yaƙi, wadda ta riƙa ba mijinta guba kaɗan-kaɗan yana kwance, don ta sayar wa abokan gaba asirinsa. Ya ba ta ɗingishin Inna, da tabon ƙunar hannunta, har da yadda take hura cokali kafin ta kai bakin Baba a jinyarsa ta ƙarshe. Suna kawai ya canza. Innar da ta goya shi! Yanzu in ta biyo layi sai hira ta tsaya. Mai shagon kan kwana har ya tambaye ta, wai da wasa, ko maganin ɓera ta zo saye. Ta daina fita.

Na hau na same shi. Ko alƙalami bai ajiye ba, ya ce wai ban san adabi ba, marubuci aro yake yi, kuma mai hankali ba ya haɗa ƙage da gaskiya. Wallahi raina ya ɓaci, na sauko ban yi masa sallama ba.

Duk da haka Inna ba ta fasa aika masa abinci ba, ta ce ƙaninta ne kuma ba shi da mai dafa masa. Sai dai tun fitowar littafin kwanon yake dawowa yadda ya tafi. Ya ce ciki ne, daga baya ya ce likita ne, alhali da idona na gan shi a bakin titi yana cika baki da abincin sayarwa. Na riƙa juyewa a ɓoye, har shekaranjiya ta rutsa ni a kicin. Ta buɗe murfin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ashe shi ma ya yarda.”

Ga tarihin gwarzonku nan, Yaya. In za ka yi yabo ka yi, amma kada ka ce da yawuna. Abin da nake roƙo ka kira Inna, muryarka take bukata.

Ka gaida Anti da Ƙarami da 'yan biyu. Goggo da su tela suna gaishe ku. Bari in tsaya nan, Inna na kirana, ta zuba masa na yau.

Ƙanwarka,
Auta