Jan Biron Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka? Ya Inna da Auta? Ni lafiya lau nake. Sanyi ne kawai, da motoci uku da nake hawa kafin in isa gidan da nake koyarwa, amma jiki ya saba.

Albishirinka! Yarinyar nan da malamai huɗu suka gaji suka bari ta zo ta biyu a jarrabawar lissafi.

Dabararka ta aji na bi. Na ajiye biro, na sa ta koya mini, ina yi kamar ban gane ba har ta kamo kuskurenta da kanta. Saura ƙiris uwarta ta sallame ni. Ta leƙo ɗaki ta ce, “Wai ke ce malamar ko ita?” Na haɗiye maganar, na roƙe ta ta ƙara mini wata ɗaya.

Jiya uwar da kanta ta buɗe mini ƙofa, ga maƙwabta biyu bayanta riƙe da 'ya'yansu.

Don Allah a turo mini tsohon littafinka na lissafi. Jan biron da ka ba ni, ka ce kada in yi saurin buɗewa, har yau da murfinsa.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Ƙaramar Malama