Faranti Mai Haƙora Hamsin da Biyu

Ƙauyenmu, bayan Kakangi,
5 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga aminina Andrawus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida Naomi da yara. Yaya aikin gyaran keke a Kaduna? Mu nan sai godiya, amma ba lafiya ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke layin waya aka hana hawa babur, saƙo sai ta hannun direbobin da ke bin rakiyar sojoji. Amai da gudawa ya shigo mana. Abokan aikina sun koma gari, ni kaɗai na rage a ƙaramin asibitin nan. Mota ba ta shigowa, don haka ni nake zuwa Birnin Gwari in ɗauko ledojin ƙarin ruwa, kwali uku a kan mazaunin kaya na keken batir ɗin da ka haɗa mini bara. Da solar firjin rigakafi nake masa caji.

Ga abin da ya hana ni barci. Kafin a kai rafinmu akwai wani fili miƙaƙƙe, babu ko kalgon da mutum zai laɓe, a nan mutanen daji suke tare hanya. Idan na shiga, injin yakan kai iyakar gudunsa, ni kuwa ina ta juya feda a banza, ƙafata ba ta kama komai. Shekaranjiya na ji ƙarar baburansu a bayana. Wallahi ban san da wane baki na yi addu'a ba.

Na ƙirga haƙoran farantin gaba da ke jan sarƙa, arba'in da huɗu ne. Don Allah ka nemo mini mai hamsin da biyu, da ƙaramin firiwil na baya, da ƙarin sarƙa. Kada ka jinkirta.

Naka,
Tasi'u.

14 ga Oktoba, 2021.

Aminina Andrawus,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Kaya sun iso, Allah ya bar zumunci. Na karanta gargaɗinka cewa abin da faranti ya ƙara a gudu, a kan tudu yake karɓe shi. Na ɗauka irin tsoron nan naka ne na tun muna firamare.

Na ɗaura, na gwada. A fili kam sai ka rantse babur ne, iska har hawaye take sa ni. Amma da na loda kwali uku na tsallake rafi, a tsakiyar tudun da ke biye da shi keken ya ƙi. Na miƙe tsaye a kan feda, kamar dutse nake takawa. Injin ya yi zafi, batir ya zube. Sai da na sauke kwalayen na haura da su ɗaya ɗaya a ka, kusan awa guda a wurin da ake hango mutum daga nesa.

Yanzu ga faranti biyu a gabana. Tsohon yana haura tudu da kwali uku, amma a fili ni nama ne. Sabon yana fid da ni, amma da kwali ɗaya tak. Maiɗakina Huraira tana da ciki wata bakwai, tun jiya take kuka, ta ce in tuna marasa lafiya suna da dangi, ita ni kaɗai gare ta a garin nan. Mutum bakwai ne kwance a kan tabarmi a barandar asibiti. Na rasa wanda zan yi shawara da shi. Da kana kusa, da ko zagina ka yi na ji sanyi.

A gaida Naomi, ku sa mu a addu'a.

Naka,
Tasi'u.

21 ga Oktoba, 2021.

Andrawus,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun.

Sabon farantin na bari a jikin keken. Ranar Asabar na ɗauko kwali ɗaya, na gaya wa kaina gobe zan koma. A filin nan mutanen daji su biyu suka fito a kan babur. Na kwanta a kan keken na taka iya ƙarfina, na riga su faɗawa rafi, na haura tudun ba tare da na sauka ba, suka juya. Na iso gida da raina, Huraira ta yi sujada a tsakar gida.

Amma washegari suka kafa zango a bakin hanyar, kwana uku babu mai fita. Leda ashirin ce a kwali, marasa lafiya sun zama tara. Ruwan ya ƙare ranar Litinin da hantsi. Matar Bakoji, wani makiyayi da ke rugar da ke yamma da mu, ita ce ta fi galabaita, cikinta ba ya riƙe ko ruwan gishiri da sukari. Ina riƙe da hannunta ina laluben jijiyar da ba ni da abin da zan sa mata, har ta cika da la'asar. Leda shida da sun ishe ta. Arba'in na baro a gari.

Bayan jana'iza na je rugar na gaya wa Bakoji komai, har zancen farantin, don na kasa haɗiye shi. Na so ya ɗaga mini sanda. Amma sai ya tambaye ni ko da sabon farantin za a iya kawo kwali uku idan da masu turawa a tudu. Na ce ana iyawa. Ya ce, "To, likita, ka bar shi a jiki. Ni da ƙannena biyu za mu jira ka a bakin rafi. Ƙanwarta ma ta kwanta tun jiya."

Su Bakoji sun ce mutanen dajin sun tashi daga hanyar. Gobe bayan asuba zan fita, batir yana kan caji. Huraira ta ɗinke mini igiyar ɗaure kaya inda ta fara tsinkewa.

Ka yafe mini duk abin da ke tsakaninmu. A gaida kowa da kowa.

Amininka,
Tasi'u.