Talotalo Mai Kilo Bakwai

Litinin, 22 ga Disamba

Na dawo daga gidan burodi ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar da kwali a bakin ƙofa yana ɗigar ruwa. Talotalo ne guda, figagge, a daskare, kilo bakwai. Ban ma cire takalmi ba Yaya ya kira, ashe shi ya aiko da shi. Wai za su zo hutun ƙarshen shekara shi da iyalinsa, kuma yana so a yi bandar talotalo a duro irin wadda Baba yake yi mana muna yara. "Don Baba ya ji daɗi," in ji shi. Na ce wa zai yi? Ya yi dariya, ya ce, "Haba Mai Burodi, ke da wuta ai kun san juna."

Shekara uku ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye. Sau huɗu Yaya ya zo. Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi abinci a baki. In na tafi aiki maƙwabciyarmu, tsohuwar nas, take leƙa shi har in taso. Amma abin da zai faranta wa Baba rai sai daga can nesa aka hango shi, kuma wai tsuntsu ne.

Na ce to, na ajiye waya. Haka nake kullum, sai dai in zo nan in rubuta.

Talata, 23 ga Disamba

Talotalon ya cinye firij ɗin kaf. Sai da na cire faranti biyu kafin ƙofa ta rufu. Allurar Baba tana maƙale a gefe kamar baƙuwa.

Na jawo duron daga ɗakin tarkace. Gizo-gizo, tsatsa, da wata tsohuwar safa da ban san ta waye ba. Ragar ƙarfen tana nan, kwanon ruwan ma yana nan, ya lotse a gefe. Na goge su da soson ƙarfe har yatsuna suka yi ja.

Laraba, 24 ga Disamba

Har yanzu ƙanƙara ce a cikin talotalon. Ko a mace yana da taurin kai.

Juma'a, 26 ga Disamba

Jiya na tura keken Baba bakin taga, na nuna masa duron. Ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baba, yaya kake yi?" Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da kalma, can ya ce, "Gishiri." Sai kuma, "A hankali." Iyakar abin da na samu ke nan.

Yaya aka koya wa. Na tuna sarai. Shi yana tsugune gefen Baba yana miƙa itace, ni ana cewa in matsa hayaƙi zai shiga idona, in je in taya Mama wanke-wanke. Shekara talatin da wani abu, yau ni ce nake roƙon kalma biyu.

Na kai talotalon wurin aiki a bokiti mai murfi, don ɗakin sanyinmu ne kawai zai ɗauke shi. Ruwa, gishiri kofi biyu, sukari kaɗan, tafarnuwa, ɓawon lemo. Na danne shi da faranti don kada ya taso. Mai gidan burodi ya leƙa ya ce, "Wannan baƙon naki ya biya kuɗin ɗaki?" Na ce na ɗan'uwana ne, su ba sa biyan komai. Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Asabar, 27 ga Disamba

Sun iso da la'asar. Yaya ya yi ƙiba. Ya rungume Baba ta ɓangaren da ke masa ciwo, Baba ya runtse ido, Yaya ya ɗauka murna ce. 'Yan matansa biyu suka gaishe ni, "Gwaggo ina wuni," suka koma wayoyinsu.

Ita kuma matarsa, wadda a raina nake kira Gimbiya, ta shigo da ƙamshin turarenta, ta tsaya tsakar ɗaki tana duba ko'ina. Ta dubi robar fitsari a ƙarƙashin gado, ta dubi zanen gadon, ta dube ni. Ta ce, "Gwaggon yara, kin rame." Na ce aiki ne. Na san abin da take ƙirgawa: ƙura a kan talabijin, labulen da ban wanke ba.

Na ɗauko talotalon, na tsane shi da tawul, na shafe shi da mai da barkono, na bar shi a firij a buɗe don fatar ta bushe. Yaya ya ɗauke shi hoto. Ya ce gobe shi zai riƙe wuta, ai bai manta ba.

Lahadi, 28 ga Disamba

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Ƙarfe shida na hura gawayi. Na jira ya yi fari, na ɗora guntayen itacen gwaiba guda uku, na sa kwanon ruwa a tsakiya don ya tare kitse, na ɗora tsuntsun a kan raga, na rufe. Hayaƙin fari ya fara fita, na rage iskar ƙasa har ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi. A nan na gane abin da Baba yake nufi da a hankali. Kuma gaskiya, awa biyun nan da nake zaune ni kaɗai a bayan gida, da kofin shayi, babu mai kirana, na ji daɗinsu. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Ƙarfe tara mai riƙe wuta ya tashi daga barci. Sau uku ya buɗe murfi don hoto. Kowane buɗewa zafin ya gudu, sai na sake lallaɓa shi.

Wajen sha ɗaya Baba ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu. Na san ma'anarta. Na ce, "Yaya, abu ɗaya kawai: in ruwan kwano ya ja baya ka ƙara, ga buta nan." Ya ce, "Je ki, ba yau na fara ba."

Ban kai Baba bayi a kan lokaci ba. Sai da na canza masa komai, na wanke shi, na canza zanen keke. Ya kau da kai yana kallon bango, kamar kullum, ni ma na yi kamar ban ga idonsa ba. Muna cikin haka na ji warin ƙauri, na ji ƙaramar 'yar Yaya tana ihu, "Gwaggo, wuta!" Ba zan iya sakin Baba a tsaye ba. Na zaunar da shi, na ɗaure masa bel, sannan na ruga.

Ruwa ya ƙafe, kitse ya kama, wuta tana lasar bakin duro. Yaya yana can ƙofar gida da wani abokinsa na makaranta. Gimbiya ce na tarar ta jiƙa tawul biyu ta ciro ragar da tsuntsun gaba ɗaya ta dire a kan bulo, ta mayar da murfi. Ba ta yi ko ƙara ba. Cinya ɗaya da fuffuke sun zama gawayi. Na yanke su, na gyara wuta, na mayar da sauran. Ƙarfe biyu na soka wuƙa a cinyar da ta tsira, ruwan ya fito garau.

Da aka zauna ci, har da abokin nasa da tsohuwar nas, Yaya ya juya ɓangaren da ya ƙone ya kalli bango, ya kama yanka. Fatar ta yi ja kamar goro, naman yana ɗiga. Abokin ya ce, "Kai, ka gaji hannun Baba!" Yaya ya yi murmushi ya ce, "Mun dai ɗan koya." Ina zaune ina yayyaga wa Baba nama ƙanana-ƙanana, ina jiƙa shi da romo don kada ya shaƙe shi. Ya tauna, ya tauna, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dafa gwiwar Yaya. Ya ce, "Madalla."

Sai na ji bakina yana magana. Na ce, "Yaya, tunda ka gaji Baba, ƙwaya nawa yake sha da safe?" Ya ci gaba da yanka. Na ce, "To ɗazu da kake hira a waje, ka san abin da nake wankewa?"

Wannan ta biyun ce bai kamata ba. Ba Yaya ta sara ba. Baba ya sauke hannunsa, ya rufe baki, ya ƙi karɓar loma ta gaba. A gaban baƙo na tona shi. Shekara uku ina rufa masa asiri, na ɓarar a kan cinyar tsuntsu.

Litinin, 29 ga Disamba

Yaya ba ya yi mini magana. Ya samu abin da yake so: yanzu ni ce mai laifi.

Baba ya karɓi magani a hannuna, bai dube ni ba.

Na shiga kicin na tarar da Gimbiya tana kankare ragar da hannu ɗaya. A wuyan ɗaya hannun ga bororo ya tashi, tsawon yatsa. Tun jiya, kuma ba wanda ya lura, har mijinta. Na ce ta bari. Ba ta bari ba. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, kafin ta yi aure shekara huɗu ta yi tana jinyar mahaifiyarta, ita kaɗai, yayyenta maza uku suna aiko da gaisuwa. "Ranar da na shigo na ga yadda kika naɗe zanen gado ta ƙasa, na san babu mai kama miki." Wai ta taɓa jifan babban wansu da kwano, har ɗinki aka yi masa.

Shekara goma sha shida tana gidanmu ban sani ba. To ita ma ai ba ta faɗa ba.

Ta ce za ta zauna kwana goma, yaran su bi babansu. Na ce ba ma buƙata. Ta ce, "Ban tambaye ki ba, Gwaggon yara."

Laraba, 31 ga Disamba

Yaya ya tafi. Ya tsaya a bakin mota yana juya makulli, na ɗauka zai ce wani abu. Ya ce, "A riƙa haƙuri." Ya ɗauki sauran ƙirjin a leda, wai na hanya.

Asabar, 3 ga Janairu

Ba daidai Gimbiya take sa wa Baba matashin kai ba, kuma tana cika masa sukari a shayi. Na faɗa mata. Na rubuta mata lokutan magani na manna a jikin firij, don kada a ce ban yi ba.

Yau ba ni da aiki. Ta ce in fita. Na ce in je ina? Ta ce ko'ina. Na fita don kawai ta daina magana. Na yi ta tafiya har na kai wani benci kusa da tashar bas, na zauna ina kallon mutane suna hawa suna sauka. Sau biyu na zabura kamar na ji bugun sanda. Da na duba agogo awa uku ta wuce.

Na dawo na tarar ta yi masa aski, ta yanke shi kaɗan a haɓa. Ni ban taɓa yanke shi ba. Yana ganina ya ɗaga hannu ya ce, "Uwata." Tun Lahadi bai kira ni ba. Na ce masa ina zuwa, na shiga bayi na ɗan jima.

Na saya mata man ƙuna. Ba wani abu ba ne, a kan hanyata kantin yake. Na ajiye a kan tagar ɗakin da take kwana, in ta gani ta gani.