Zuhaira Ta Daina Tsokanata

Belbeji

Zuwa ga ɗana Attahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya a Monrobiya, kai da Radiya da yara. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi dama-dama a gonar hanyar Gangara, ƙafar mahaifiyarka kuma ta yi sauƙi. Labarin haihuwa ya iso, da jin cewa ka sa wa yaron sunana. Wallahi ranar sai da na zaga kasuwa rumfa-rumfa ina faɗi, har mahauta suka ce tsoho ya zautu. Allah Ya raya takwarana Ila, Ya ƙara wa mai jego lafiya.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, game da yayarsa Zuhaira. Ka tuna kafin ku tafi, ita ce amaryata. Nakan ɗora ta a kan jaki mu je rijiya, tana jan gemuna, tana cewa ta fasa aurena don ba ni da haƙora. Ranar suna da ka ba ta waya, na ce mata amarya ta gudu ta bar miji da yunwa. Sai na ji shiru. Ashe Hausar ta zube, sai Ingilishi. Ban ga laifinku ba, makaranta da unguwa duk shi ake yi.

Shi ne na je wurin Malam Haris, wanda muke ce wa Mushe irin na Faransanci, mai koyar da Ingilishi a kolej, wanda yake haya a gidan maƙwabcinmu Mato. Na ce ya koya mini magana biyu kawai: cewa da can nakan ɗauke ta a jaki, da cewa ni na saba da tsokanarta. Ya yi dariya, ya ce na zaɓo darasin da yake kayar da ɗalibansa kowace shekara. Wai a Ingilishi abin da mutum yakan yi da can ya bari, da abin da ya saba da shi har yanzu, kusan lafazi ɗaya ne; na biyun ne ake ƙara masa wata ƴar kalma a gaba, kalmar aikin kuma a sa mata wutsiya. Ka san ni da furfura na shiga karatun manya na yamma, da ƙyar na kama baƙin da nake rubuta maka da shi. Na yi ta maimaitawa a bakin rumfa har Mushe ya ce ya isa, ya ɗauki muryata a wayarsa, muka aika.

Amsarta ta zo, ya fassara mini. Wai ta gode ƙwarai, tana mini fatan lafiya, kuma ta ji daɗin jin labarin zamanin da. Attahir, haka ake amsa wa prefe mai mulkin gunduma, ba kaka ba. Mushe ya ce ban yi kuskure ko ɗaya ba, ni kuwa na dawo gida ban iya cin tuwo ba. Ingilishina ya ƙare a nan, kuma ba ni da ƙarfin zuwa inda kuke.

Roƙona ɗaya ne. Kada ka ce za ka tsawata mata, ladabi kuka koya mata. Ka dai zaunar da ita ka gaya mata cewa a garinmu jika ba ta jin nauyin kaka. Ka koya mata ta tambaye ni da Hausa yaushe zan mutu su sha gumba, kamar yadda jikokin Mato suke yi masa kullum. Ko da gurguwar Hausa ce, ina so in ji da kunnena tun ina iya rama mata.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, da gwaggonka Jummai da ƙanenka Mustafa. A shafa mini kan takwara.

Ni ne mahaifinka,
Ila Maigari